Filin Ku Tambaya: Injin gashi ne ya ƙona Hajiya, ko dama haka aikin yake?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Saƙonnin wannan karon kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar radiyeshin ɗin asibiti, wato hasken nan da ido ba ya gani wanda da shi ake ɗaukar hoton ƙirji da shi kuma ake gashin ciwon daji, shi ne na ce bari kawai in haɗe su waje ɗaya. Na bar su yadda aka turo, sunaye kawai na cire.

TAMBAYA: Salam Malam ya aiki ya iyali. Dan Allah mahaifiyarmu ce akewa gashin ciwon daji na mama a wani asibiti, yau sati hudu kenan kullum muna kaita banda asabar da lahadi, to yanzu wajen yayi baki kirin kamar an dora mata dutsen guga har fatar ta fara sabulewa ta karkashin hammata ga kaikayi bata iya bacci. Yayanmu yace wlh injin ne ya konata sunyi kuskure suna boyewa a dena kaita har yana maganar lauya, ni kuma na rasa wanda zanbi. Shin wannan shine hatsarin radiyeshin din da ake fada? Daga wata baiwar Allah, Tudun Wada.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya ba Hajiya lafiya ya sa kaffara ne, ku kuma Allah ya saka muku da wannan ɗawainiya. Kafin komai, dan Allah kar a daina kai ta. Gobe in kun je ki ce wa mai aiki da injin kina son likita ya duba fatar kafin a kwantar da ita, shi zai ce a ci gaba ko a ɗan huta mata, amma yanke gashi daga gida ba tare da sanin likita ba hutu ne ake ba wa ciwon, ba Hajiya ba.

Ni ban ga Hajiya ba, don haka ba zan yi miki rantsuwa daga nan ba, sai dai abin da kika kwatanta ya fi kama da abin da dama ake tsammani. Hasken sai ya ratsa ta fata kafin ya kai ga inda ciwon yake, kuma ba rana ɗaya ake ba da shi ba, kaɗan-kaɗan ake yi, yawanci girei 2 a rana (girei shi ne mudun da ake auna abin da jiki ya sha) har a tara 50 ko 60 ko sama da haka gwargwadon ciwon. To daga sati na biyu zuwa na uku fata take fara nunawa, ta yi duhu, ta bushe, ta yi ƙaiƙayi, inda kuma fata ke gugar fata ga zufa, kamar hammata da ƙarƙashin mama, nan ne ya fi saɓulewa. Kuma ki shirya, yakan ɗan ƙaru sati ɗaya ko biyu bayan an gama gashin gaba ɗaya kafin ya fara warkewa, nan ne mutane da yawa suke rikicewa su ce ai an gama amma abu sai gaba yake yi. Kar a dirje wajen da soso, kar a gasa da ruwan zafi, kar a shafa wani haɗi da maƙwabciya ta kawo sai wanda likita ya yarda da shi, a bar mata riga mai faɗi ta auduga, zanen da aka yi mata a jiki don saita injin kuma kar a goge shi.

To mene ne hatsari kenan in wannan ba shi ba ne? A wajen masu aikin, ba a kallon fata a yanke hukunci, takarda ake kallo. Likita ya rubuta wance, waje kaza, awo kaza, kwana kaza. Duk abin da ya saɓa wa wannan rubutun ba da niyya ba shi ne hatsari, ko an kwantar da wani a madadin wani, ko an haska hagu alhali dama aka rubuta, ko awon ya wuce, ko ya gaza. E, ya gaza ɗin ma hatsari ne, kuma ni a ganina ya fi mugunta don ba ya barin tabo. A wani asibiti a Sitafodshaya ta Arewa a Ingila, a 1982 suka kawo kwamfuta mai lissafin awo, ashe ita kwamfutar da kanta tana yin wani gyara na nisan da ke tsakanin injin da jiki, ma'aikata ba su sani ba suka ci gaba da yin gyaran da hannu kamar yadda suka saba, gyara ya zama biyu kenan, aka yi ta ba mutane ƙasa da abin da aka rubuta musu har 1991, mutum kusan dubu. Babu wanda fatarsa ta ƙone, babu yayan da ya ɗaga murya, kowa ya koma gida yana godiya, sai daga baya ciwon ya dawo wa da yawa daga cikinsu.

Na wuce gona da iri kuma misalin da ba na mantawa shi ne na Kosta Rika a 1996. An canza ƙwayar kobal-60 ta injin, wato ɗan ƙarfen da ke fitar da hasken, aka zo auna ƙarfin sabuwar, agogon injin yana nuna minti 0.3, mai awon ya ɗauke shi a daƙiƙa 30, alhali 0.3 na minti daƙiƙa 18 ne. Shi kenan fa. Lissafi ya nuna ƙwayar ba ta da ƙarfi sosai, sai aka riƙa tsawaita lokacin kowane majinyaci, mutum 115 suka sha ƙarin fiye da rabin abin da aka rubuta musu a kan nasu, wasu suka rasu. Kin ga a nan injin lafiyarsa ƙalau, abin da aka ce masa shi ya yi.

Shi ya sa masu aikin suka kasa abin gida-gida. In awon da ya wuce ya kai kashi 25 cikin ɗari na jimillar abin da aka rubuta, ana sa shi a aji na farko, wanda kai tsaye zai iya taɓa rai. Tsakanin kashi 5 zuwa 25 aji na biyu ne, ba lallai ya kashe ba amma yana ƙara yiwuwar matsala ko ya rage damar warkewa. Sannan ana duba mutum ɗaya abin ya shafa, kamar a juya hagu da dama, ko kuwa kuskuren a tushe yake kamar na Kosta Rika wanda duk wanda ya kwanta a gadon sai ya samu rabonsa. Akwai kuma wanda ni nake kira saura ƙiris, wato an yi kuskuren amma an tare shi kafin ya kai jikin mutum.

Wannan saura ƙiris ɗin na taɓa ganinsa da idona a wani waje da na yi aiki, ba zan faɗi ina ba. Dattawa biyu ne suna ɗaya, sunan uba ɗaya, suna zaune a benci ɗaya. Aka leƙo aka kira suna, wanda ya fi kusa da ƙofa ya miƙe, kunnensa ya ɗan yi nauyi, duk abin da aka tambaye shi sai ya ce na'am ya gyaɗa kai. Ya cire hula da 'yar shara ya kwanta, an buɗe fayil a kwamfuta, fayil ɗin na mai ciwon mafitsara ne, abokiyar aikina ta ɗaga masa riga tana neman zane a mara ba ta gani ba, sai ga zane a wuyansa. Ta tsaya cak ta ce Baba, ina ne ke maka ciwo? Ya nuna maƙogwaro. Wallahi ranar gumi ne ya keto min duk da sanyin ɗakin. Ba a kunna injin ba, Baba bai ma san me ya faru ba, amma an rubuta shi a littafi, kuma daga ranar aka daina tambayar kai ne wane, sai dai a ce Baba faɗa min sunanka da garinku. Wasu cewa suke ai tsautsayi ba ya wuce ranarsa mene ne na rubutawa, to wannan dai ya wuce ranarsa, kuma rubutawar ce ta sa aka canza yadda ake kira.

Abin da zai sa in tsaya bayan yayanku: in ƙunar ta fita daga cikin zanen ta bayyana a wajen da ba a haskawa, ko ta zo da ƙarfi tun kwanakin farko, ko Hajiya ta ce wata rana an kwantar da ita ta wani ɓangaren daban, ko ta ji zafi kamar wuta a lokacin da injin ke aiki (gashi na ƙa'ida ba a jin komai lokacin da ake yinsa). In akwai ɗaya daga cikin waɗannan, haƙƙinku ne ku nemi a zauna da ku a buɗe katin gashin a nuna muku abin da aka rubuta da abin da aka ba da kullum. Ki kai yayan naku ya ji da kunnensa, ki lallaɓa shi, tausayin uwa ne ke cinsa. Af, kuma na san za a tambaya, Hajiya ba ta ɗauke da radiyeshin a jikinta, ana kashe injin shi kenan, jikoki su hau cinyarta abinsu.

TAMBAYA: Malam barka da war haka, ni dalibi ne a Samaru. Naga ance akwai sikeli daga 1 zuwa 7 na hatsarin nukiliya, to in asibiti sukayi kuskure a ina ake sakashi? Kuma ai hoto ba gashi bane, shima ana hatsari a cikinsa?

AMSA: Yawwa ƙanena, sikelin da kake nufi hukumar makamashin nukiliya ta duniya ce ta fito da shi ita da wata takwararta a 1990. Daga 1 zuwa 3 ƙananan aukuwa ne, daga 4 zuwa 7 su ake kira hatsari, kowane mataki ya ninka na ƙasansa kamar sau goma, hatsarin tashoshin nukiliya na Canobil a 1986 da Fukushima a 2011 su ne a 7. Amma ba a ƙera shi don majinyacin da ke kwance a gado ba. Dalili kuwa, abin da ake ba mai ciwon daji da gangan don ya warke, da a kan ma'aikaci ya sauka da an ce babban hatsari ne, ka ga mudu ɗaya ba zai auna su biyun ba. Ma'aikaci yana da iyaka, milisibat 20 a shekara (milisibat shi ma mudun auna radiyeshin da mutum ya sha ne) in an raba a kan shekara biyar, mutumin gari milisibat 1, majinyaci kuwa ba shi da iyaka ta lamba, iyakarsa ita ce a tabbata akwai dalilin yin abin kuma kar a ba shi fiye da buƙata. Don haka in ƙwayar injin ta ɓata ko ma'aikaci ya sha fiye da ƙima, wannan sikelin ya kama shi. In majinyaci ne, sai a koma ga wani. Faransa ta yi nata sikelin na majinyatan gashi a 2007 daga 0 zuwa 7, bayan abin da ya faru a garin Efinal inda aka zarce wa masu ciwon dajin furostet (wani ƙullutu da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) awo a 2004 da 2005. A nan gida hukumar NNRA ce ke ba da lasisi da sa ido a kan duk mai riƙe da irin waɗannan kaya, dokarta ta 1995 ce, ta fara aiki a 2001, har ɗan ƙaramin injin nukiliyan bincike da ke cibiyar makamashi ta jami'ar Ahmadu Bello tun 2004 a ƙarƙashin idonta yake.

Batun hoto kuwa, ana yi mana. Sai dai a hoto awon ƙanƙani ne, hoton ƙirji ɗaya wajen milisibat 0.1 ne, kwatankwacin abin da jikinka ke sha na sati biyu kana zaune a gida daga ƙasa da iska da abinci, don kowa a duniya yana shan wajen 2.4 a shekara ko bai taɓa taka asibiti ba. Hoton CT (wanda ke nuna cikin jiki yanki-yanki) na ciki kuma ya kai wajen 10, ka ga ya tashi shekara uku zuwa huɗu a zama ɗaya. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a ɗauki wanda ba shi aka turo ba, ko ƙafar hagu maimakon dama, ko a yi ta maimaitawa don hoton bai fito ba, ko a ɗauki ƙaramin yaro da saitin babba. Ba za ka ga ƙuna ba, amma ana lissafa shi kuskure don mutum ya sha abin da bai amfane shi da komai ba. Illar iri biyu ce dama. Akwai mai ƙofa, wadda sai an kai wani awo take fitowa, fata takan fara ja daga wajen girei 2 a zama ɗaya, gashin kai ya zube daga wajen 3. Akwai kuma ta wataƙila, wato ɗan ƙarin yiwuwar ciwon daji nan da shekaru masu yawa, wadda a awon hoto ƙarama ce ƙwarai. Amma hoto ma yakan kai ga ta farkon in saiti ya lalace, a wani babban asibiti a Los Anjalis ta Amurka tsakanin 2008 da 2009 mutum 206 aka yi wa CT na ƙwaƙwalwa da awon da ya kai ninki takwas, wata goma sha takwas ana yi ba wanda ya lura, sai da majinyaci ya zo yana ƙorafin gashin kansa na zubewa.

TAMBAYA: Slm. Matata anyi mata hoton kirji saboda tari, bayan sati biyu aka gano tana da ciki wata daya da rabi. Hankalinmu ya tashi, wata tace mata dan zai fito da nakasa. Daga Kwangila.

AMSA: Malam kwantar da hankalinka ka kwantar da na Uwargida. A hoton ƙirji hasken ba ya bi ta mahaifa, ɗan abin da ke kaiwa can ko kashi ɗaya cikin dubu bai kai ba na matakin da likitoci ke fara damuwa a kansa, wato miligirei 100 (kashi ɗaya cikin goma na girei). A takarda dai ana rubuta shi a matsayin abin da ba a yi niyya ba, shi ya sa ake tambayar mace yaushe rabonta da al'ada kafin a ɗauke ta, kuma mata dan Allah a daina jin kunyar amsa wannan tambayar. Ku faɗa wa masu awon ciki su rubuta a katinta, ta ci gaba da zuwa awo. Sikanin ɗin ciki da za a yi mata shi ba radiyeshin a cikinsa, da sauti yake aiki, MRI ma babu. Allah ya raba lafiya.

TAMBAYA: Malam ni sana'ata jari bola ce muna sayen karafa a Sabon Gari, wani lokaci har kayan asibiti da suka mutu ake kawo mana gadaje da injina. Wani yace min akwai wanda in ka fasa zai kasheka, gaskiya ne ko tsoratarwa ce?

AMSA: Gaskiya ce Alhaji, kuma na ji daɗi da ka tambaya, don a cikin rabe-raben nan akwai gidan da ba majinyaci ba ne ba ma'aikaci ba ne, mutumin gari ne, kuma ku ne a bakin ƙofarsa. Amma bari in raba maka. Injin ɗaukar hoto na yau da kullum da wutar lantarki yake yin haskensa, in ba wuta ƙarfe ne kawai. Wanda ake tsoro shi ne tsohon injin gashi mai ƙwaya a ciki, kobal ko siziyom, ita ba ta da makunni, dare da rana aiki take yi shekara da shekaru, dalmar da aka lulluɓe ta da ita ce kawai tsakaninka da ita, dalmar nan kuma ita ce abin da ke jan hankalin mai sayen ƙarfe.

A watan Satumban 1987 a garin Goyaniya na Birazil, wasu mutum biyu suka shiga wani kangon asibitin gashi da aka tashi aka bari, suka kwance kan injin suka tura shi gida a baro. Tun ranar suka fara amai, suka ɗauka abinci ne ya ɓata musu ciki. Suka huda ƙwayar, suka sayar wa mai gidan gwangwan, shi kuma da dare ya ga wani gari a ciki yana walƙiya shuɗi, abin ya burge shi ya shigar da shi cikin gida, ya kira 'yan uwa da abokai kallo, har ana ɗiba ana rabawa. Wata yarinya 'yar shekara shida ta yi wasa da garin ta ci abinci da hannun. Sai da aka yi sati biyu, matar mai gidan ta lura kowa a gidan ciwo yake tun zuwan abin nan, ta zuba shi a jaka ta hau motar haya ta kai ofishin lafiya ta ajiye musu a tebur. Ita da yarinyar da yaran shagon biyu duk sun rasu. Mutum wajen 112,000 aka auna, aka samu 249 da burbushin a jikinsu ko kayansu, aka rushe gidaje aka kwashe ƙasar wajen, kuma a sikelin da ɗalibin can ya tambaya, a mataki na 5 aka sa shi. A Tailan ma a 2000 haka aka yi da ƙwayar kobal a wajen 'yan gwangwan, mutum uku suka mutu.

Don haka in aka kawo maka wani dunƙulen ƙarfe wanda nauyinsa ya fi girmansa nesa ba kusa ba, ko ka ga alamar nan mai kama da farfela mai fuka-fuki uku a kan ruwan ɗorawa, ko ƙarfen yana da ɗumi alhali a inuwa yake, kar a sa masa guduma, kar a sa masa wutar walda, kar ma a ɗaga shi a ce za a kai wa hukuma. A bar shi inda yake, a janye yara a yi nisa, a sanar da 'yan sanda su kira NNRA, kuma mu a Zariya Allah ya taimake mu masu na'urar aunawa suna nan kusa a cibiyar makamashi ta jami'a. In kuma wani cikin yaranka ya riga ya taɓa har ya fara amai ko hannunsa ya yi bororo kamar ƙuna ba tare da wuta ba, a asibiti ku faɗa wa likita ainihin abin da ya taɓa, don in ba ku faɗa ba maganin zazzaɓi ko na gudawa za a ba shi a sallamo ku. Ka kuma tambayi mai kawo maka kayan asibitin daga ina ya kwaso su kafin ku yi ciniki.